Shin ana samun tsoffin kuɗi da gwal a bakin teku da na'urar gano ƙarfe?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Hull, a Ingila, shekara biyu ke nan. Duk lokacin da muka kai yara bakin teku a Hornsea ko Bridlington, nakan ga dattawan Turawa suna yawo da na'urar gano ƙarfe, har wani ya nuna mini zoben gwal da wasu tsoffin sulalla da ya ce a nan ya tono su. Abin ya shiga raina. Shin da gaske ana samu, ko ɓata lokaci ne? Wace na'ura ya kamata in saya, a ina zan fara, kuma abin da na tono nawa ne a doka da kuma a addini?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, tambayarka huɗu ce a dunƙule: ko da gaske ana samu, da me ake nema, a ina ake nema, sannan abin da aka samu na wane ne. Na shafe shekara 11 ina wannan nema a gaɓar gabashin Ingila, galibi tsakanin Scarborough da Skegness, wato yankin da kai ma kake zuwa, saboda haka zan amsa maka ne daga abin da hannuna ya tona. Sai dai zan sauya jerin tambayoyin, domin na lura kusan duk sabon shiga da maganar na'ura yake farawa, alhali kuwa sanin halin rairayi ya fi ta muhimmanci nesa ba kusa ba. Na sha ganin dattijo da tsohuwar na'ura mai araha ya koma gida da azurfa a aljihu, wani kuma a gefensa da na'urar fam 1,000 ya wuni yana tono murafun kwalba, kuma abin da ya raba su bai wuce wurin da kowannensu ya zaɓa ya tsaya ba.

Ana samu, babu shakka. Amma kada ka shiga da niyyar sana'a. A littafin da nake rubuta abin da na tono, shekarar da ta fi kowace albarka ta ba ni zobban gwal 7, akwai kuma shekarar da ban ga ko ɗaya ba duk da ina fita kusan kowane mako. Idan aka haɗa kuɗin mai da na kayan aiki da sa'o'in da aka kashe cikin sanyi, lissafin ba ya fita. Abin da ya riƙe ni shi ne natsuwar da nake samu a bakin ruwa da asuba, da kuma abin da nake ji a raina idan na ɗago kwabon da rabonsa da hannun mutum shekara ɗari da ɗoriya.

Farauta iri biyu ce

Kayan ado da tsoffin kuɗi ba wuri ɗaya suke kwanciya ba, ba kuma lokaci ɗaya ake nemansu ba, kuma rashin bambance su ne yake sa mutane da yawa su gaji su jingine na'urar bayan wata biyu.

Kayan ado galibi sabuwar ɓata ce. Mutum ya shafa mai a jikinsa, ya shiga ruwa mai sanyi, yatsunsa suka ɗan tsuke, ya wurga ƙwallo ko ya ɗaga yaro, zobe ya zame bai sani ba. Wata kuma ta cire sarƙarta ta ajiye a kan tawul don kada ta ɓata, da aka tashi tafiya aka kakkaɓe tawul ɗin. Don haka mai neman kayan ado jama'a yake bi: watannin Yuli da Agusta, a busasshen rairayi inda ake shimfiɗa, a gindin matakala, kusa da masu sayar da askirim, da cikin ruwa daga idon sawu zuwa ƙugu inda ake wanka. Yakan fita da yamma bayan an watse, ko da sassafe kafin motar share rairayi ta wuce.

Tsoffin kuɗi kuwa ta hanya uku suke zuwa bakin teku. Mafi yawansu daga aljihun masu yawon hutu na can baya suka faɗo. Jirgin ƙasa ya isa Scarborough a 1845, Bridlington a 1846, Hornsea a 1864, Skegness a 1873, kuma tun daga nan ma'aikatan masaƙu da masana'antu suka riƙa yin tururuwa zuwa waɗannan garuruwa da iyalansu. Shi ya sa abin da ake kira tsohon kuɗi a bakin teku galibi na zamanin Sarauniya Biktoriya ne, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, ko na sarakunan da suka biyo bayanta. Hanya ta biyu ita ce zaizayar ƙasa, kuma a nan ka yi sa'ar wurin zama, domin gaɓar Holderness, daga Bridlington zuwa Spurn, tana cikin waɗanda suka fi saurin zaizaya a duk Turai. Gangaren yumɓu ne, teku yana cin kusan mita 2 a kowace shekara, kuma ya cinye ƙauyuka kusan 30 tun daga zamanin Rumawa. Duk abin da ke binne a waɗannan gonaki da kufai, ranar da gangaren ya rufta, bakin teku yake gangarowa. Hanya ta uku ita ce jiragen ruwan da suka nutse, ita ce kuma ake ji a labarai. A watan Yuli na 1715 guguwa ta hallaka jiragen Sifaniya 11 ɗauke da azurfa da zinare a gabashin Florida, a Amurka, kuma wani magini mai suna Kip Wagner ya bi sawun sulallan da yake tsinta a bakin tekun bayan guguwa, yana amfani da tsohuwar na'urar gano nakiya ta soja, har aka gano inda jiragen suke. Labarin gaskiya ne, amma irin wannan gaɓa ƙalilan ce a duniya, kuma kada ka gina fatanka a kanta.

Yadda teku yake rege kaya

Duk wanda ya taɓa ganin mace tana rege shinkafa a ƙwarya ya riga ya fahimci rabin wannan aiki. Idan aka girgiza abu cikin ruwa, mai nauyi yana sauka ƙasa, marar nauyi yana hawa sama. Gwal tsantsa ya ninka ruwa nauyi sau 19, darma sau 11, azurfa sau 10 da rabi, tagulla kusan sau 9, alminiyam kuwa bai kai sau 3 ba, wato kusan daidai yake da ƙwayar rairayin kanta. Igiyar ruwa tana girgiza jiƙaƙƙen rairayi dare da rana, saboda haka zoben da ya faɗi yau zai yi ta nutsewa har sai ya tarar da abin da zai tare shi, ko yumɓu mai tauri, ko shimfiɗar tsakuwa, ko dutse. A nan yake kwanciya tare da 'yan'uwansa masu nauyi, shekara da shekaru.

Ga inda matsalar take. Na'ura mai kyau tana jin sulai guda a zurfin santimita 20 zuwa 30, ba ta wuce haka da yawa ba, duk abin da mai talla zai gaya maka. A lokacin zafi kuwa, lokacin da teku yake kwance, ƙananan igiyoyi suna turo rairayi zuwa gaɓa har ya taru ya fi mita guda a kan wancan yumɓun. Wanda ya zo neman tsoffin kuɗi a watan Agusta yana tafiya ne a kansu, amma tsakaninsa da su akwai rairayin da na'urarsa ba za ta iya ratsawa ba. Sai hunturu ya shigo, daga Nuwamba zuwa Maris, iskar arewa ko ta arewa maso gabas ta kwana biyu ko uku tana kaɗawa, manyan igiyoyi su riƙa dukan gaɓa a karkace, su kwashe rairayin cikin dare ɗaya. Da gari ya waye sai ka ga wurin da ka sani shimfiɗaɗɗe ya koma tsakuwa da baƙin yumɓu, wani lokacin da wata gaɓa mai kama da matakala wadda ruwa ya yanka. Gindin wannan yankan shi ne wurin da ya fi ko'ina albarka. Sau da yawa wannan dama ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu, iska ta juya, rairayi ya dawo ya rufe, sai kuma wata shekarar. Kusan duk azurfar da na mallaka a irin waɗannan ranaku na same ta, kuma ba su fi biyar ko shida ba a hunturu guda.

Alamomin da nake bi ba su da wuya. Idan ƙafata tana nutsewa a rairayi mai laushi, kuma abin da nake tonowa duk guntayen gwangwani ne marasa nauyi, na san sabon rairayi ne teku ya zubo, sai in bar wurin ba tare da ɓata lokaci ba. Idan kuwa ƙasa ta yi tauri, shebur yana cin karo da tsakuwa ko yumɓu a kusa, kuma na fara tono darmar masunta da kwabbai da suka yi kore, to na iso inda masu nauyi suka taru, kuma inda darma ta tsaya nan gwal ma yake tsayawa. A irin wannan wuri nakan rage sauri, in yanki fili kamar faɗin ɗaki biyu, in bi shi layi layi, sannan in sake bin sa a gicciye. Ka kuma lura da kwaruruwan da ruwa yake kwanciya a cikinsu bayan teku ya janye, da katangun katakon da aka kafa don tare rairayi, domin kullum gefe ɗaya ya fi ɗaya zurfi, kuma gefen mai zurfin ake nema. Wata dabara da ta amfane ni ƙwarai ita ce ɗaukar hoton ginshiƙi guda na waɗannan katangun a kowace ziyara. Idan na ga ƙusoshi ko gansakukar da ban saba gani ba sun bayyana a gindinsa, na san rairayi ya sauka, ko ban kunna na'ura ba.

Akwai kuma gaɓar da ba ta da amfani ga mai neman tsoffin kaya saboda aikin gwamnati. Tun 1994 ake yaso rairayi daga tsakiyar teku ana zubawa tsakanin Mablethorpe da Skegness don kare garuruwan daga ambaliya. Aikin yana da amfani ga mazauna wurin, amma ya binne tsohuwar shimfiɗa da zurfi. A can sabbin kayan da aka yar kawai nake zuwa nema.

Batun cika da janyewar teku kuwa, mu da muka saba lissafin wata mun fi samun sauƙinsa. Teku yana cika sau biyu yana janyewa sau biyu a kwana guda, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50. Janyewa mafi nisa tana zuwa ne kwana ɗaya ko biyu bayan kamawar sabon wata da kuma bayan cikarsa, wato farkon watan Musulunci da tsakiyarsa. A waɗannan ranaku ruwa yana buɗe filin da ba a taka shi sai sau biyu a wata, kuma a gaɓarku hakan yakan faɗo wajen tsakar rana. Ka riƙa duba jadawalin cikar teku na garin da za ka, ka isa wurin sa'a biyu kafin ƙarshen janyewa, ka bi ruwan yana ja kana binsa, sannan ka dawo a gabansa idan ya juyo.

Maganar na'ura

Faifan da ke ƙasan na'urar yana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, duk abin da wutar lantarki take iya ratsawa ya mayar da amsa, na'urar ta juya amsar zuwa ƙara da lamba. Ruwan gishiri shi ma lantarki yana ratsa shi, saboda haka na'urar da aka ƙera don gona tana jin jiƙaƙƙen rairayi gaba ɗayansa kamar ƙarfe, ta yi ta ƙara babu dalili, har sai ka rage mata ƙarfin ji, daga nan kuma zurfinta ya ragu. Wannan shi ne halin na'urori masu aiki da zango ɗaya, wato masu aika sigina iri ɗaya tak, irin su Garrett Ace, waɗanda suke da kyau ƙwarai a busasshen rairayi da gona amma suke wahala a bakin ruwa. Akwai wasu masu harba lantarki bugu bugu, waɗanda gishiri bai dame su ba kuma suna da zurfi, sai dai ba sa bambance ƙusa da zobe, don haka mai su yakan tona rami mai zurfi a kan kowane tsatsattsen ƙarfe. A gaɓa mai yawan ƙarfe irin ta Yorkshire wannan azaba ce ga sabon shiga. Kashi na uku su ne masu aika zango da yawa lokaci guda, suna cire amsar gishiri su bar ta ƙarfe, kamar Minelab Equinox da Vanquish, da Nokta Legend, da XP Deus II. Shawarata ita ce ka sayi ɗaya daga cikin masu araha na wannan kashi, ko da wadda aka yi amfani da ita ce, ka kuma tabbatar ko akwatinta yana jure ruwa, domin wasu faifan ne kawai yake jurewa. Ka ajiye ragowar kuɗin don shebur mai huji huji na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai dogon mariƙi, wanda ake taka shi da ƙafa. A jiƙaƙƙen rairayi rami yana cika da ruwa cikin daƙiƙoƙi, abin da kake nema yana ƙara nutsewa, kuma shebur mai kyau ne yake ceto shi. Sai abin sawa a kunne saboda ƙarar iska, da safar hannu saboda ƙugiya da fasassun kwalabe da allurai, da jakar zuba shara.

Akwai gaskiya guda da ya kamata ka karɓa tun yanzu. Zoben gwal, musamman siriri na mata, lamba ɗaya yake nunawa da takardar alminiyam da kunnen gwangwanin lemo. Babu na'urar da take raba su da tabbaci. Duk wanda ya saita na'urarsa ta yi shiru a kan kunnen gwangwani ya saita ta ta yi shiru a kan gwal. Ni ƙarfe mai tsatsa kawai nake tsallakewa, sauran duk ina tonawa, kuma a ƙiyasina nakan tono shara ɗari da yawa kafin zobe guda. Siririyar sarƙa ta fi komai wuyar ji, domin na'urar tana jin kowane ƙulli ne shi kaɗai, sau da yawa maɓallin sarƙar ko abin da aka rataya mata ne yake tona asirinta. Ka kuma san cewa tun 1992 kwabo ɗaya da kwabo biyu na Ingila baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe da tagulla, shi ya sa suke kumbura da tsatsa a ruwan gishiri suna ba da ƙara marar kan gado. Wajen lilo kuwa, faifan ya riƙa shafar rairayi, a hankali, kowane lilo ya hau rabin na baya. Sabon shiga yakan yi sauri yana ɗaga faifan a ƙarshen kowane lilo, ya tsallake fiye da rabin filin da yake zaton ya bincika. Idan ka dawo gida ka wanke komai da ruwan famfo.

Kada ka raina haɗari. Ruwa yakan zagayo ta kwarin da ke bayanka ya yanke maka hanya kana sunkuye, kuma irin haka ne ya hallaka masu tsintar kifin kwanso 'yan China fiye da 20 a Morecambe, a gaɓar yammacin Ingila, a watan Fabrairu na 2004. Gangaren yumɓun Holderness yana ruftawa ba sanarwa, musamman bayan ruwan sama, don haka kada ka tsaya a gindinsa, kada kuma ka tona shi. Kudu da Hornsea, wajen Mappleton da Cowden, akwai tsohon filin gwajin bama-bamai na sojan sama, kuma har yanzu zaizaya tana zubo da su bakin teku. Idan ka ga ƙarfe mai siffar harsashi ko bam, kada ka taɓa, ka ja da baya, ka kira 999 ka nemi masu tsaron gaɓar teku.

Na wane ne?

A Ingila babu ƙasar da ba ta da mai ita, har bakin teku. Kusan rabin filin da ke tsakanin iyakar cikar teku da iyakar janyewarsa yana hannun Crown Estate, hukumar da ke kula da kadarorin masarauta, kuma ta yarda a yi wannan nema a filinta bisa sharuɗɗan da ta wallafa, tare da taswirar da ke nuna inda yake nata. Sauran yana hannun ƙananan hukumomi ko ɗaiɗaikun mutane ko ƙungiyoyi, wasu suna neman ka karɓi izini, wasu sun hana ɗungurungum. Ka tambayi ƙaramar hukumar wurin kafin ka fita. Wuraren tarihi da doka ta keɓe laifi ne a shiga da na'ura ba tare da rubutaccen izini ba, wuraren da aka keɓe don kare tsuntsaye da tsirrai ma suna da nasu ƙa'idoji.

Dokar binanniyar dukiya ta 1996 ta ce duk abin da ya kai shekara 300, ba kuɗi ba, kuma aƙalla kashi 10 cikin 100 nasa zinare ne ko azurfa, dole a kai rahotonsa cikin kwana 14. Haka ma sulallan zinare ko azurfa biyu ko fiye masu wannan shekaru da aka samu tare, ko goma ko fiye idan na tagulla ne. A 2023 an ƙara wani rukuni na kayan ƙarfe da suka haura shekara 200 masu muhimmanci na musamman ga tarihi. Ɓoyewa laifi ne da zai iya kai mutum kurkuku na wata uku. Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi jami'in rajistar kayan tarihi na yankinku, wanda yake aiki ƙarƙashin shirin da aka fara a 1997, wanda Gidan Tarihi na Birtaniya yake jagoranta. Idan gidan tarihi yana son abin, za a yi masa kuɗi a biya lada, galibi a raba tsakanin wanda ya tono da mai fili. Idan kuma abin daga jirgin ruwa ya fito, komai ƙanƙantarsa, wata doka ce ta 1995 take aiki, ana kai rahoto ga jami'in da ake kira Receiver of Wreck cikin kwana 28, kuma mai kayan yana da shekara guda ya zo ya nema. Abin da na faɗa kan binanniyar dukiya na Ingila da Wales ne. A Scotland tsarin daban ne, can kowane kayan tarihi ana kai rahotonsa ko da ba zinare ba ne. Idan wata rana ka kai na'urar gida Najeriya, ka tuna dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana tonon kayan tarihi da cinikinsu ba da izini ba.

Sabon zobe kuwa yana da mai shi, kuma dokar sata ta 1968 tana iya hawa kan wanda ya tsinci abu ya riƙe ba tare da ya yi ƙoƙarin da ya dace na neman mai shi ba. A nan doka da addini sun haɗu. Ni ba malamin fatawa ba ne, kuma ina roƙonka ka zauna da malami wanda ya san halin ƙasar nan, amma abin da muka karanta tun muna yara a babin tsintuwa a fili yake: Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci mai tsintuwa ya kiyaye alamominta, ya yi cigiyarta shekara guda. Binanniyar dukiyar mutanen da, wadda ake kira rikazi, ita ce aka ce a fitar da ɗaya bisa biyar. Zoben auren da ya faɗi makon jiya tsintuwa ne, kuma teku bai wanke haƙƙin mai shi ba. Abin da nake yi shi ne in sanar da 'yan sanda da ofishin masu kula da bakin tekun, in sa cigiya a shafukan Facebook na garin ba tare da na bayyana duk alamomin ba, duk wanda ya zo sai ya faɗi abin da aka rubuta a ciki. Ta haka na mayar da zobba huɗu. Ɗaya na wani dattijo ne da matarsa ta rasu shekara biyu kafin nan, an zana ranar aurensu a ciki, kuma da na miƙa masa sai ya kasa magana, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ban taɓa tono abin da ya kai wannan ranar daraja a wurina ba.

Bayan an tono

Gwal yana fitowa daga teku da ƙyallinsa ko ya shekara ɗari, azurfa kuwa baƙa ƙirin take fitowa, tagulla kuma kore. Ka duba cikin zobe da madubin ƙara girma: 375 na nufin karat 9, wanda ya fi yawa a Ingila, 585 karat 14, 750 karat 18, 875 karat 21 irin wanda matanmu suke sayowa daga Saudiyya da Dubai, 916 karat 22, 925 kuma azurfa. Kusa da lambar akwai tambarin garin da aka auna shi: kan damisa Landan, anga Birmingham, fure Sheffield, ganuwa Edinburgh. Sulallan Ingila na kafin 1920 azurfa ce kusan tsantsa, daga 1920 zuwa 1946 rabi ce, daga 1947 babu azurfa a ciki sam. Kada ka goge tsohon kuɗi da toka ko lemun tsami ko soson ƙarfe kamar tukunya. Ka jiƙa shi a ruwa mai tsabta kwanaki kana sauya ruwan don gishirin ya fita, ka shanya shi, ka tsaya nan. Na lalata wani sulai mai kyau a shekarata ta farko saboda gaggawar ganin shekararsa, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa.

Za ka ji wani abu idan ka fara tono waɗannan kuɗi, domin sunayensu a bakinmu suke: kwabo, taro, sisi, sulai, fam. Ingila ta bar wannan lissafi a watan Fabrairu na 1971, Najeriya ta koma naira a farkon 1973. Wata ranar Janairu, bayan guguwa, a kan yumɓu kudu da Bridlington, na ɗago wani kuɗi mai huda a tsakiya, na ɗauka wani ƙarfen inji ne. Da na wanke shi a kwarin ruwa sai ga tauraro mai kusurwa shida, ga rubutun Larabci a ɗaya fuskar: kwabo mai huda ne na Afirka ta Yamma, irin wanda kakata take ɗaurewa a bakin zane. Wataƙila wani matuƙin jirgin ruwa ne ko tsohon soja ya zo da shi a aljihu. A kasuwar masu tara kuɗi bai kai kuɗin shayi ba, amma shi kaɗai ne na sa a gilashi.

Idan ka sayi na'urar, kada ka fara da bakin teku. Ka binne zoben maiɗakinka, da izininta, da sulai da kunnen gwangwani da ƙusa a bayan gida, kowanne a zurfi daban, ka saurari muryoyinsu har kunnenka ya riƙe. Sannan ka zaɓi gaɓa ɗaya tak, Hornsea ta isa tunda ta fi kusa da kai, ka riƙa zuwa farkon wata da tsakiyarsa har hunturu ya fita, kana ɗaukar hoton ginshiƙi guda, kana rubuta inda iska ta fito da abin da ka tono, kana cike kowane rami, kana tafiya da sharar da ka tono. Idan ka sake haɗuwa da dattijon da ya nuna maka zoben, ka gaishe shi ka tambaye shi wace iska ce take buɗe wannan gaɓar. Da wuya ya nuna maka wurinsa, amma iskar zai gaya maka.